"BA NI DA KAN LISSAFI": ƘARYAR DA MUKE GADAR WA 'YA'YANMU

Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da sanarwa a tsakiyar watan Oktoban 2025 cewa kiredit a lissafi ya daina zama sharaɗin shiga jami'a ga 'yan ats, wato masu son karanta harsuna, tarihi, addini da makamantansu, nake ganin murna a shafukan mutanenmu kamar an yi ruwan shuka. Wannan ya rubuta cewa an 'yanta bayi, wancan ya ce da ma can lissafi ba ya cikin jininmu, wani kuma har da yi wa minista addu'ar gamawa da duniya lafiya. Bayan 'yan kwanaki ma'aikatar ta sake fitowa ta ce a fahimce ta da kyau, har yanzu wajibi ne kowane ɗalibi ya yi rajistar lissafi da Turanci kuma ya zauna ya rubuta su a jarrabawar kammala sakandare. Wannan ƙarin bayanin ban ga waɗanda suka yi ta yaɗa na farkon sun yaɗa shi ba.

To ni dai ban taya ku murna ba, kuma zan faɗi dalili. Wanda zai ji haushi ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe tukuna, sannan ya zage ni.

Hujjar ma'aikatar ba ta banza ba ce, wannan na yarda. Sun ce fiye da yara miliyan 2 ke zana JAMB duk shekara, amma kimanin 700,000 kaɗai ke samun gurbi. Kuma babu unguwar da za ka shiga a Kankia ko Kusada ba a nuna maka yarinyar da ta ci Hausa, ta ci Turanci, ta ci darasin addini, amma D7 ɗaya tak a lissafi ya zaunar da ita gida. Ta sake NECO, ta sake ta 'yan waje, uban ya gaji da biya, ƙarshe aka yi mata aure maganar karatu ta mutu. Wannan abin takaici ne, kuma idan sabon tsarin ya buɗe wa irinta ƙofa, madalla.

Abin da nake ja da shi shi ne fassarar da muka yi wa sanarwar, cewa daga yau an raba mu da lissafi. Wallahi ba a raba mu ba. Bashi ne aka ɗaga mana ranar biyansa, kuma mai bin bashin yana nan zaune yana jiranmu a gaba, a lokacin da biyan ya fi tsada.

Ga inda yake jira. Ka gama digirinka a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, ko ABU, ko BUK, ka yi bautar ƙasa, ka fara neman gurbin digiri na biyu da tallafin karatu a waje. Sai ka ci karo da jarrabawar GRE, ko GMAT idan harkar kasuwanci da gudanarwa za ka karanta. Gaskiya ne jami'o'i da dama sun sassauta, sun mayar da ita ganin dama, amma akwai kwasa-kwasai da yawa, musamman na tattalin arziki, injiniyanci da kasuwanci, da har yanzu suke nemanta, kuma ko inda ba dole ba ce, maki mai kyau na ɗaga takardar wanda jami'arsa ba a san sunanta ba a can. Kuɗin GRE ya haura dala 200, wato a canjin yanzu kana maganar naira 300,000 ko fiye. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, alawus ɗin ɗan bautar ƙasa 77,000. Ka ga kenan zama ɗaya na cinye alawus ɗin wata huɗu, ban da kuɗin motar Abuja da masauki.

Wani zai ce, Malam, mu ina ruwanmu da Amurka, bizar ma ai ta gagara. Na ji. To jarrabawar ɗaukar aiki fa? Bankuna, kamfanonin sadarwa, hukumomin tarayya, yawancinsu yanzu zaunar da kai suke yi gaban kwamfuta, kuma tambayoyin lissafin da ke ciki 'yan uwan na GMAT ne, har ma littattafan da ake sayarwa na shirin neman aiki da sunan ake tallarsu. A nan Katsina ma, a 2023, sai da aka yi wa masu neman aikin koyarwa jarrabawa kafin a ɗauke su. Ko digirin tarihi ka yi, ranar da ka shiga mastas za a ce ka kawo alƙaluman bincikenka, ka fitar da kashi cikin ɗari, ka yi bayanin jadawali. Ina za ka gudu?

Akwai wani ƙanenmu da ya fita da sakamako mai kyau a digirinsa na kimiyyar siyasa, Turanci a bakinsa kamar ruwa. Ya zana GRE, ɓangaren Turanci ya yi abin kirki, ɓangaren lissafi ya faɗi warwas. Da ya zo yana ba ni labari, kalmar farko da ta fito daga bakinsa ita ce, "Yaya, ka san ni da ma ba ni da kan lissafi." Na ce ya kawo tambayoyin gwaji mu duba. Jama'a, ko ɗaya babu wadda ta wuce abin da ake koyarwa a sakandare, yawancinsu ma na ƙaramar sakandare ne.

Wannan ita ce gaskiyar da mutane ba su sani ba. Lissafin GRE ba na jami'a ba ne. Hukumar ETS da ke shirya ta ta bayyana abin da ke ciki: lissafin yau da kullum na tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa, aljabara ta farko, awon fili da siffofi, sai karanta jadawali da alƙaluma. Tun watan Satumban 2023 aka gajarta jarrabawar, yanzu tambayoyin lissafi 27 ne cikin minti 47, an raba su gida biyu, maki kuma daga 130 zuwa 170. Har kalkuleta ake ba ka a jikin allon kwamfutar. GMAT kuwa tambaya 21 ce cikin minti 45, ita babu kalkuleta a wannan ɓangaren. Abin da ke kayar da mutane shi ne tushen da ya ruɓe tun aji biyu na sakandare, da ƙarancin lokaci, da kuma Turancin da aka naɗe tambayar a ciki.

Ga misali. Buhun masara yana naira 40,000, farashi ya tashi da kashi 25 cikin ɗari, daga baya ya sauka da kashi 20 cikin ɗari. Nawa yake yanzu? Mai digiri zai yi caraf ya ce an ƙara 25 an cire 20, saura ƙarin kashi 5, wato 42,000. Ya faɗi. Je ka kasuwar Charanchi ka tambayi dillalin hatsi wanda bai taɓa zama aji ba. Zai ce maka daga arba'in ya koma hamsin, ɗaya bisa biyar na hamsin goma ne, ya dawo arba'in ɗinsa. Kafin ka laluba wayarka ya gama. To tsakanin ku biyu wa aka ce ba shi da kai?

Shi ya sa maganar "ba ya cikin jininmu" take ƙona mini rai. Jinin wa? Mai ƙosai da ke sayen wake da mai da itace, ta san ƙosai nawa za ta fitar a mudu kafin ta ga riba, ba lissafi take yi ba? Uwar adashi da ke riƙe da zubin mata talatin a kanta, ta san wadda ta yi fashi da wadda kwasarta ta zo? Manomin da ya san idan ruwan sama ya shayar da gonarsa zai fitar da ɗaya bisa goma, idan kuma ban-ruwa ya yi da wahalarsa ɗaya bisa ashirin? Ɗan kasuwar da ke fitar da ɗaya bisa arba'in na dukiyarsa duk shekara? Wannan ɗaya bisa arba'in ɗin shi ne kashi 2.5 cikin ɗari da ke sa mai digiri zufa a ɗakin jarrabawa.

Ku zo ga rabon gado ma. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar na da sumuni, ɗaya bisa takwas. Mahaifiya na da sudusi, ɗaya bisa shida. Malamin zaure zai nemo adadin da takwas da shida duk suke shiga, ya samu 24, ya ba matar 3, ya ba uwa 4, saura 17. 'Ya'yan kaso biyar ne, tun da kowane namiji na ɗaukar biyu, kuma 17 ba ta rabuwa gida biyar, sai ya ninka komai da biyar ya koma 120: mata 15, uwa 20, kowane ɗa 34, 'yar kuma 17. Ku tara ku gani, 120 cif. Wannan aikin da malam ya yi a kan buzu, da yatsa a ƙasa, ya fi rabin tambayoyin GRE wuya. Ita kanta kalmar aljabara daga sunan littafin Al-Khawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma babban sashe na littafin a kan lissafin gado da wasiyya yake.

Kuma mu Katsinawa mu ne ya fi kamata mu ji kunyar wannan magana. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malami daga ƙasar Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake jera lambobi a gidajen murabba'i ta yadda duk layin da ka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya zai ba ka. Mafi sauƙinsa shi ne mai gida tara, inda kowane layi ke ba da 15. A ajiye gardamar abin da wasu ke yi da hatimi, ƙa'idar jera lambobin lissafi ce zalla, kuma masana tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa har gobe. A Alƙahira ya rasu a 1741. A zamaninmu kuma ga Farfesa Iya Abubakar, ɗan Arewa daga Adamawa, wanda ya yi digirin digirgir a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya shugabanci sashen lissafi a ABU, sannan ya zama shugaban jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Shi jininsa daga wata duniya aka kawo?

To in ba jini ba ne, mene ne? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, hannu huɗu ne suka haɗu suka yi mana wannan aika-aika.

Na farko, aji. Yaro ya tashi a makarantar da malamin lissafi ɗaya ke zagaye azuzuwa barkatai, kowane aji cike maƙil, wani lokacin ma wanda aka ba darasin ba fanninsa ba ne, an dai cike gurbi da shi. Shi ma tsoron darasin yake ji, sai ya rufe tsoronsa da bulala. Yaro ya yi tambaya a ce masa daƙiƙi. Daga ranar ya koma layin baya, ya rufe bakinsa. Lissafi kuwa kamar ginin ƙasa yake, in tubalin ƙasa bai bushe ba, duk abin da ka ɗora sama zai rufto. Wanda bai gane rabi da sulusi a firamare ba, ba zai gane kashi cikin ɗari ba, wanda bai gane wannan ba kuwa aljabara ta zame masa yaren aljanu.

Na biyu, satar amsa. Kowa ya san mirakul santa, kowa ya san kuɗin da ake haɗawa a ce na "taimako" ne, kowa ya san ana rubuta amsa a allo yara su kwafa. Muna da masu B3 a lissafi a takarda waɗanda ba za su iya raba 7 da 2 ba sai da waya. Uban da ya biya kuɗin nan yana ganin gata ya yi wa ɗansa. Ranar da yaron ya zauna gaban kwamfutar da ba ta san ɗan wane ba, ga kyamara a kansa, ga agogo na gudu, ranar zai gane ramin da aka haƙa masa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na uku, mu iyaye da yayye. Yaro ya kawo sakamako ya ci 20 a lissafi, sai uwa ta yi dariya ta ce ai gado ya yi, babansa ma haka yake. Shi ke nan, an ba shi lasisi. Amma da a hadda aka ce ya kasa, wa zai ce gado ne? Za a tashe shi da asuba, a zaunar da shi, ya maimaita har ta zauna. Mun yarda cewa hadda naci ce, mun yarda cewa koyon tuƙi da ɗinki da gyaran waya naci ne, lissafi kaɗai muka mayar baiwar da ake haihuwar mutum da ita.

Na huɗu, shi kansa mai digirin. Ya faɗi jarrabawa, maimakon ya tsaya ya binciki inda ta ɓaci, sai ya sake tara kuɗi ya sake biya, yana fatan wannan karon za a dace da masu sauƙi. Dokar GRE ta yarda ka sake bayan kwana 21, har sau biyar a cikin wata 12, amma wannan dama ce ga wanda ya gyara, ba caca ba ce. Girman kai ke hana shi ɗaukar littafin aji ɗaya na sakandare, wai kada ƙannensa su gani. To ai gara ƙannenka su yi maka dariya a tsakar gida da ka zubar da naira 300,000 a Abuja.

Ga wanda abin ya shafa yanzu, wanda makinsa ya yi ƙasa kuma yake da niyyar gyarawa, ga abin da nake ba da shawara, kuma ba ya buƙatar ka biya wani mai lesin dubban ɗaruruwa.

Fara da gwada kanka tsakani da Allah. ETS na da jarrabawar gwaji kyauta a shafinta mai suna POWERPREP, da kuma ɗan littafin bitar lissafi da ake saukewa ba ko sisi. Ka zauna ka yi gwajin da agogo, ba waya, ba tashi. Makin da ya fito kada ya dame ka, abin nema shi ne sanin inda ciwon yake.

Sai ka sayi littafin rubutu guda, ka mayar da shi na kurakurai. Duk tambayar da ka faɗi, ka rubuta ta, ka rubuta dalilin faɗuwar: ban san ƙa'idar ba ne, ko Turancin ne ban fahimta ba, ko gaggawa ce, ko lokaci ne ya ƙare. Cuta huɗu ce, kowace da maganinta. Mai shan maganin zazzaɓi alhali gyambon ciki ke damunsa ba zai warke ba.

In ƙa'ida ce babu, koma tushe ba kunya. Nemo New General Mathematics na ƙaramar sakandare, wanda da yawanmu muka yi amfani da shi, ko ka shiga Khan Academy a waya, kyauta ne in ban da data. Wata guda cur ka ba rabe-raben lamba, kashi cikin ɗari, da kwatancin kaso. Ka haddace jadawalin sau har 12 yadda ka haddace lambar wayarka. Wanda ke taɓa kalkuleta don 8 sau 7 ya riga ya zubar da lokacinsa, domin abin da kake da shi bai kai minti biyu ba a kowace tambaya.

In Turanci ne matsalar, ka riƙa juya tambayar zuwa Hausa da bakinka kafin ka taɓa alƙalami. Ka mayar da ita buhu da tiya da naira. Da yawa daga cikin tambayoyin nan in aka tuɓe musu rigar Turanci, sai ka ga cinikin kasuwa ne kawai.

Ka kuma san halin jarrabawar. Akwai nau'in tambayar da za a ba ka adadi biyu a ce wanne ya fi, ko daidai suke, ko ba za a iya sani ba. Tarkonta shi ne zato. Za a ce lamba da ninkinta a kanta wanne ya fi girma, ka ce ai ninkin ne, tun da 3 sau 3 tara ne. To rabi sau rabi fa? Rubu'i ne, ya ragu. Sifili fa? Ɗaya fa? Don haka kullum ka gwada da sifili, da ɗaya, da rabi, da lambar da ke ƙasa da sifili. Sannan a GRE ba a rage maki don ka amsa ba daidai ba, saboda haka kada ka bar gida fayau. Kuma yadda ka yi a kashin farko shi ke yanke irin wuyar kashi na biyu da iyakar makin da za ka iya kaiwa, don haka kada ka yi wasa da farkon.

Na ƙarshe, awa ɗaya kullum bayan sallar asuba, wata uku a jere, ta fi kwana goma na rashin barci ana gobe jarrabawa. Ku haɗu ku uku ko huɗu, kowa ya koya wa sauran abin da ya gane, domin ba ka san ka iya abu ba sai ka iya fahimtar da wani. Kada ka biya kuɗin zama na gaba sai gwajinka na gida ya kai makin da kake nema sau biyu a jere. Sannu ba ta hana zuwa.

Saura manyanmu. Duk shekara muna ganin hotunan masu riƙe da muƙamai da masu neman kujera a Kankia, Kusada da Ingawa suna raba fom ɗin JAMB kyauta. Mun gode, Allah Ya saka. Amma fom tikitin shiga fili ne kawai, bai koya wa yaro buga ƙwallo ba. A cikin kuɗin fom ɗin da na taron rabawa da na masu ɗaukar hoto, a ware wani abu a ɗauki nauyin malaman lissafi su riƙa yin darasin yamma kyauta a hutun ƙarshen shekara, a fara daga 'yan aji huɗu na firamare, ba 'yan aji shida na sakandare da aski ya zo wa gaban goshi ba. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci gaban gari, maimakon walimar bayan salla da rabon lambar yabo, ku tambayi shugabannin makarantun garuruwanku malamin lissafi nawa gare su, kuma a cikinsu nawa ne suka karanci fannin. Mu ma'aikata da ke dawowa gida ƙarshen mako, wanda ya iya ya ba da awa biyu ranar Asabar a makarantar da ta yaye shi. Ba sai mun jira Abuja ba.

Iyaye kuma, don girman Allah, daga yau a daina faɗin "ba shi da kan lissafi" a gaban yaro. A ce bai gane ba tukuna, a nemo wanda zai zauna da shi. Gwamnati na iya cire lissafi daga sharuɗɗan shiga jami'a, amma ba ta da ikon cire shi daga takardar albashi, da bashin banki, da awon taki, da rabon gado. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda ke da ja, fili a buɗe yake, amma a zo da hujja. Malaman lissafi da ke cikin abokaina, ina son jin ta bakinku musamman, ku kuka san inda takalmin ke matsa ku. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani.